Yadda Ake Shirya Sujada da Hidimomin Kirsimeti a Ikilisiyar Ƙaramin Gari

A garuruwa irin su Kagoro, Zonkwa, Gindiri, Garkida, Biliri, Zuru da Numan, Kirsimeti tana zuwa ne a daidai lokacin da aka gama kaka, rumbuna sun cika, hunturu ya sauko, 'yan gari da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas kuma suna ta dawowa gida da iyalansu. Majami'ar da a sauran Lahadi ake barin bencinan baya babu kowa, a wannan mako sai ta cika ta batse, har a rasa wurin ajiye ƙafa. Ikilisiyoyin da nake magana a kansu su ne na ECWA, COCIN, EYN, LCCN, HEKAN, Baptis da Angilikan, waɗanda akasarinsu da Hausa suke sujada, ko da yake membobinsu Bajju ne, ko Atyap, ko Tangale, ko Bura, ko Bachama, ko Ngas, ko Hausawa. Na yi shekaru ina riƙe da littafin magatakarda a irin wannan ikilisiya, kuma abin da na koya shi ne, ƙaramar ikilisiya tana jin daɗin Kirsimeti ne idan ta shirya ta daidai ƙarfinta, ta fara da wuri, ba ta ci bashi ba, ba ta kuma bar ko mutum ɗaya a gida saboda rashi ba. Duk matakan da ke biye a kan wannan aka gina su.

A fara zama tun watan Oktoba

Mataki na farko shi ne fasto ya kira majalisar dattawa kafin ƙarshen Oktoba, a kafa kwamitin Kirsimeti. Kada kwamitin ya wuce mutum bakwai ko tara, domin taron da ya yi yawa ba ya yanke magana. A sa wakili ɗaya daga zumuntar mata, ɗaya daga zumuntar maza, ɗaya daga matasa, da shugaban mawaƙa, da shugaban makarantar Lahadi, da ma'aji, sannan dattijo ɗaya ya shugabanta. Wakiliyar mata ta zama mace mai faɗa a ji, ba wadda za a sa don cika lissafi ba, saboda kusan rabin aikin wannan lokaci, daga girki zuwa shara zuwa waƙa, a hannun mata yake.

Abu na farko da kwamiti zai yi shi ne ya ɗauki kalanda ya duba ranar da 25 ga Disamba ta faɗo. Idan ta faɗo Asabar ko Litinin, to akwai manyan sujada biyu a jere, ke nan dole a raba masu wa'azi da ƙungiyoyin waƙa tsakanin ranakun biyu don kada a gajiyar da mutum ɗaya. Daga nan a rubuta dukan hidimomin watan a takarda ɗaya: godiyar kaka, baftisma, daren waƙoƙi, ranar yara, sujadar jajibiri, sujadar Kirsimeti, ziyarar 26 ga wata, da sujadar shiga sabuwar shekara. A tuntuɓi gunduma, wato ofishin da ke kula da ikilisiyoyin yankin, kafin a tsayar da ranaku, domin sau da yawa gunduma tana da nata taron mawaƙa ko na mata a cikin Disamba, kuma ba ya kyau ikilisiya ta sa ranar da za ta yi karo da shi. Haka kuma a tambayi iyalan da ke shirin ɗaurin aure, tun da Disamba watan aure ne, a ba su ranakunsu tun da wuri. Idan an gama, a karanta jadawalin a sanarwar Lahadin farko ta Nuwamba, a kuma manna kwafinsa a ƙofar majami'a.

Maganar kuɗi

A nan ne ikilisiyoyi da yawa suke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kwamiti ya fara da tambayar abin da ake da shi, kafin ya rubuta abin da ake so. Hanyoyin samun kuɗin ƙaramar ikilisiya sanannu ne: baikon Lahadi (kuɗin da jama'a suke bayarwa a sujada), godiyar kaka, gudunmawar ƙungiyoyi, da abin da 'yan gari mazauna birni suke aikowa. Godiyar kaka ita ce babba. A sa ta a tsakiyar Nuwamba ko farkon Disamba, gwargwadon lokacin da aka gama girbi a yankin, kowane gida ya kawo abin da Allah ya ba shi, dami ne na dawa, kwanon acca ne, buhun masara ne, doya ce, kaza ce ko akuya. Shawarata ita ce kada a sayar da dukan hatsin. A ware wani kaso, ko da kashi ɗaya cikin uku ne, a ajiye a ɗakin ajiya domin gwauraye da marayu da tsofaffi, a rubuta shi a littafi mudu bayan mudu, mutum biyu su sa hannu, mabuɗi kuma ya kasance a hannun wanda ba shi ne yake riƙe littafin ba. Wannan tsari yana kare mutuncin ma'aji fiye da yadda yake kare hatsin.

Bayan an san abin da ke hannu, sai a jera buƙatu bisa muhimmancinsu. Taimakon mabukata ya zo farko, sai man janareta da gyaran lasifika, sai hayar rumfa da kujeru, sai 'yan kyaututtukan yara, sai gaisuwar fasto da mai bishara da mai gadi. Kayan ado su zo ƙarshe. Ganyen giginya ko na kwakwar manja, da tsaftatattun zannuwa da mata za su ara, da farar ƙasa ko fenti a bango, sun isa su sa majami'a ta yi kyau. Idan kuɗi bai kai ga wani abu ba, a soke shi daga takarda, kada a ce za a ranta a biya a Janairu, domin Janairu watan kuɗin makaranta ne, baiko yana raguwa, kuma bashin Kirsimeti yakan bi ikilisiya har Ista.

Akwai abu biyu da suka shafi aljihun membobi kai tsaye, wato watanda da anko. Watanda al'ada ce mai kyau: maza su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a raba kashi-kashi daidai da abin da kowa ya zuba. A fara karɓar kuɗin tun Satumba ko Oktoba, a sayi san da wuri kafin farashi ya hau, a samu wanda zai yi kiwonsa, sannan a yanka ranar 23 ko da asubahin 24 ga wata. Tun kafin a fara rabo, a fitar da kashi biyu ko uku a yanyanka ƙanana domin gidajen da ba su iya zubawa ba. Da yake za a kai wa maƙwabta Musulmi abinci, ikilisiyoyi da yawa sukan kira mahauci Musulmi ya yi yankan, kuma ina ganin wannan daidai ne, domin abincin da maƙwabci ba zai iya ci ba bai zama kyauta ba.

Anko kuwa, a yi hattara da shi ƙwarai. Wata shekara na lura wata tsohuwa, wadda ba ta taɓa fashin sujada ba, kuma muryarta ce take ɗaga waƙa a layin gaba na zumuntar mata, ba ta zo ranar Kirsimeti ba. Da yamma muka je gidanta da Baba Fasto, muka tarar da ita zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, Littafin Waƙoƙi a cinyarta, ta yi wanka ta ɗaura tsohon zanenta mai tsabta. Baba Fasto ya ce, "Mama, lafiya ba mu gan ki ba?" Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, lafiya lau, zanen bana ne ban samu ba, ban so in tsaya a cikinsu ni kaɗai dabam ba." Tun daga ranar muka tsayar da doka cewa zumuntar mata za ta yi waƙar Kirsimeti da zanen zumunta da kowa yake da shi, idan kuma an fitar da sabo, sai asusun zumunta ya saya wa waɗanda ba su da hali a asirce, kafin a sanar da shi ga kowa.

Makonni huɗu na shiri

Angilikan da Lutheran, wato LCCN, suna kiyaye lokacin jiran zuwan Almasihu, wanda yake farawa Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Wasu ikilisiyoyi ba su da shi a ƙa'idarsu, amma babu abin da zai hana fasto ya yi amfani da waɗannan Lahadi huɗu ya shirya zukatan jama'a. Ana iya ɗaukar annabcin Ishaya 7:14 da 9:6 a Lahadin farko, Mika 5:2 a na biyu, labarin Zakariya da Alisabatu da haihuwar Yahaya Mai Baftisma a na uku, sannan saƙon mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu, Luka 1:26-38, a na huɗu. Idan aka bi haka, ranar Kirsimeti mai wa'azi ba ya bukatar ya fara daga tushe, domin jama'a sun riga sun taho tare da shi.

A cikin waɗannan makonni ne mawaƙa suke koyo. A tsayar musu da ranaku biyu ko uku a mako, da yamma tsakanin ƙarfe huɗu da shida, domin rana tana faɗuwa da wuri a Disamba, kuma iyaye ba sa son 'yan mata su dawo gida cikin duhu. Shugaban mawaƙa ya haɗa waƙoƙi iri uku: na Littafin Waƙoƙi da dukan jama'a suka sani, sababbi da ƙungiyar ta koya, da na harshen gari. Kada a raina na ukun. Tsofaffi da yawa suna jin Hausa, amma waƙar da ke taɓa zuciyarsu ita ce ta harshen da aka yi musu reno da shi. Kowace sabuwar waƙa a kai wa fasto kalmominta ya duba kafin a koya, domin kari mai daɗi yana iya ɗauke da koyarwar da ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Zumuntar mata su duba tulunansu da ganguna da caki, 'yan Sabon Rai, wato ƙungiyar masu waƙoƙin bishara, su shirya nasu, a gyara fatar gangar da ta saki tun yanzu, saboda iskar hunturu tana busar da fata har ta tsage.

Masu neman baftisma su gama ajinsu kafin tsakiyar Disamba, dattawa su yi musu tambayoyi, a kuma je a duba rafin da za a yi amfani da shi, tun da ruwa yana janyewa a wannan lokaci. A sa hidimar da hantsi bayan rana ta ɗaga, a kuma tanadi wurin canza kaya na maza dabam, na mata dabam.

Wasan kwaikwayo da ranar yara

Malaman makarantar Lahadi su raba wa yara ayoyin haddacewa tun farkon Nuwamba, kowane yaro gwargwadon shekarunsa, ƙanana rabin aya, manya sakin layi guda daga Luka 2. Kowane yaro ya samu abin faɗa, har da mai in'ina da mai jin kunya, ko da kalma uku ce tare da sauran. Uwar da ta ga ɗanta ya tsaya gaban jama'a ya faɗi aya ba ta mantawa, yaron ma ba ya mantawa.

Wasan kwaikwayon haihuwa shi ne abin da yara da manya suka fi jira, shi ya sa ya kamata a yi shi daidai da Littafi. Mai shirya wasan ya zauna ya karanta Luka 1 da 2 da Matiyu 1 da 2 da kyau kafin ya raba matsayi. Zai ga cewa Luka ne ya ba da labarin umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas, da tafiya Baitalami, da komin dabbobi, da makiyaya, Matiyu kuma shi ne ya ba da labarin mafarkin Yusufu, da masanan da suka zo daga gabas, da Hirudus, da gudu zuwa Masar. Matiyu bai faɗi yawan masanan ba, bai kuma kira su sarakuna ba. Kyautai ne ya ambata guda uku, zinariya da lubban da mur, kuma ya ce a cikin gida suka sami yaron. Saboda haka ya fi kyau a raba wasan kashi biyu, makiyaya su zo su tafi, a yi waƙa ɗaya, sannan masanan su shigo. Matsalar da na fi gani ita ce ta Hirudus. Matasa suna son wannan matsayi domin yana ba da dariya, sai a wayi gari Hirudus da dogarawansa sun cinye rabin lokaci suna barkwanci, haihuwar kuma an yi ta cikin minti biyu. A ƙayyade masa lokaci, a kuma tuna wa mai yin sa cewa mutumin nan jarirai ya sa aka kashe. Kayan wasa ba sa bukatar kuɗi: sanda da malfa da bargo ga makiyaya, farin zane ga mala'iku, kwando da ciyawa a matsayin komi, fitilar hannu a kan gora a matsayin tauraro. Wasan kada ya wuce minti arba'in, a kuma gwada shi sau biyu a cikin majami'ar kanta da makirufo, don a san inda kowa zai tsaya.

Daren waƙoƙi

Tsarin karatu tara da waƙoƙi, wanda aka fara a Truro ta Ingila a 1880, ya dace da ƙaramar ikilisiya sosai, domin ba ya bukatar komai sai masu karatu da masu waƙa. Ana farawa daga Farawa 3, a bi ta alkawarin da aka yi wa Ibrahim, da annabawa, da labarin haihuwa, a rufe da Yahaya 1:1-14, ana sa waƙa tsakanin kowane karatu da na gaba. A zaɓi masu karatu daga kowane rukuni, a fara da yaro, a bi da budurwa, saurayi, uwa, manomi, malamin makaranta, dattijo, a ƙare da fasto. A ba kowa nassinsa mako guda kafin ranar, ya karanta a gaban wani a gyara masa, musamman sunaye. Dukansu su karanta daga juyi ɗaya, domin a gidaje da yawa har yanzu akwai tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 tare da sabon da ya biyo bayansa, kuma sunayen littattafai da na mutane sun bambanta a wasu wurare, kamar Yohanna da Yahaya. Idan an fassara Sabon Alkawari da harshen gari, a yi karatu ɗaya ko biyu da shi.

A sa wannan hidima a Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti, a fara da ƙarfe huɗu, a gayyaci mawaƙan ikilisiyoyin maƙwabta, kowace ƙungiya waƙa ɗaya ko biyu kawai. A sayi man janareta kwana biyu kafin ranar, a tayar da shi a gwada, a kuma ajiye fitilu masu caji guda huɗu a kusurwoyi, domin mu ma wata shekara wuta ta ɗauke mana a tsakiyar karatu na shida, muka ƙarasa da hasken wayoyin hannu. Idan za a kunna kyandir, a ba manya kaɗai, a nisanta shi da labule da gyale, a ajiye bokitin ruwa da na yashi a bakin ƙofa, saboda a hunturu komai a bushe yake kuma gobara ba ta jira.

Tsaro

Ba na jin daɗin rubuta wannan sashe, amma wanda ya tuna bama-baman Jos na jajibirin Kirsimetin 2010, da na Madalla a ranar Kirsimetin 2011, da hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Kirsimetin 2023, ya san ba a tsallake shi. Mako biyu kafin biki, fasto da dattawa biyu su kai wa hakimi ko dagaci da ofishin 'yan sanda takardar jadawalin hidimomi, su kuma zauna da 'yan sintirin gari. A naɗa maza masu natsuwa da suka san fuskokin 'yan gari su tsaya a ƙofa tare da manyan 'yan birged, wato ƙungiyar samarin ikilisiya masu kayan sarki, suna karɓa-karɓa don kowa ya samu rabonsa na sujada. Motoci da babura a ajiye su nesa da ginin, ƙofofi duka a bar su a buɗe ba kwaɗo, baƙon da ba a sani ba a gaishe shi da fara'a a tambayi wanda ya zo wurinsa. A hana yara wasan nokawut a harabar majami'a, domin ƙararsa tana iya tayar da gudu, mutane su tattake juna. Idan dattawan gari da jami'an tsaro sun ce babu tsaro da dare, a mai da sujadar jajibiri da ta shiga sabuwar shekara zuwa yamma, a tashi kafin duhu. Babu wata aya da ta ce sai tsakar dare Allah yake jin addu'a.

Ranar kanta

Ranar 24 da safe matasa su share majami'a, su goge ƙura daga benci, su yayyafa ruwa a fili, su kafa rumfa, su ja lasifika ɗaya zuwa waje. Ranar 25 a buga ƙararrawar farko da ƙarfe bakwai da rabi, ta biyu da takwas da rabi, a fara sujada ƙarfe tara daidai ko mutum nawa ne suka iso. Masu tarbar baƙi su ajiye bencinan gaba na gefe ga tsofaffi da masu ciki da naƙasassu, a shimfiɗa wa yara tabarmi a gaba, a kuma rufe tagogin ɓangaren da iska take bugowa.

Tsarin sujadar ya zama kamar haka: kiran sujada da addu'ar buɗewa, waƙar jama'a, karatun farko daga Ishaya 9, waƙar mawaƙa, karatu na biyu daga Luka 2:1-20, waƙar zumuntar mata, gaisuwa da sanarwa, baiko, wa'azi, addu'ar roƙo, waƙar rufewa da albarka. Abin da yake ɓata wannan sujada shi ne sanarwa da gabatar da baƙi. Idan aka ce kowane ɗan gari da ya dawo daga birni ya tashi ya faɗi sunansa da aikinsa, sa'a guda za ta tafi, kuma wanda ya dawo ba da komai ba zai ji an ware shi. A ce dukan baƙi su miƙe gaba ɗaya, a yi musu waƙar maraba, su zauna. Kada a mai da ranar ta zama ta neman gudunmawar gini ana kiran suna da adadi. Wannan a bar shi sai wani zama dabam da 'yan gari a 27 ko 28 ga wata. Baiko a yi shi sau ɗaya ko biyu, ana fitowa layi-layi da waƙa.

Wa'azi ya zo tun jama'a suna da sauran ƙarfi, kada ya wuce minti talatin. Mai wa'azi ya tuna cewa a gabansa akwai mutanen da sau ɗaya suke shiga majami'a a shekara, akwai kuma waɗanda wannan ce Kirsimetinsu ta farko bayan rasuwar miji ko ɗa, akwai waɗanda aka raba da ƙauyukansu suna zaune a gidajen dangi. Ranar ba ta faɗa da masu fashin sujada ba ce. Ya ɗauki nassi ɗaya, ya bayyana wane ne aka haifa, da dalilin zuwansa, da abin da ake so mai ji ya yi, da Hausa mai sauƙi, idan da bukata wani ya taƙaita da harshen gari. A addu'ar roƙo a ambaci marasa lafiya da matafiya da masu makoki da shugabanni da maƙwabta. Dukan sujadar ta ƙare cikin sa'a biyu da rabi, domin mata sun tashi tun asuba suna girki kuma akwai rabon abinci a gabansu.

Rabon abinci da ziyara

Hatsi da naman da aka ware wa mabukata a kai su gidajensu ranar 23 ko 24 da yamma, dattijo ɗaya da mace ɗaya su kai, ba tare da an kira sunan kowa a majami'a ko an ɗauki hoto an sa a Facebook ba. Ranar Kirsimeti bayan sujada kowane gida ya aika yara da kwanon shinkafa da miya da cincin zuwa maƙwabta, Kirista da Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da Sallah. A garuruwa da dama ƙungiyoyi sukan fita da kiɗa da waƙa su kai gaisuwa fadar sarki da yamma. Idan za a yi haka, a sanar da fada tun da wuri, a bi hanyar da aka yarda da ita, a tsayar da kiɗa idan an zo kusa da masallaci a lokacin salla, dattawa kuma su kasance a gaba da baya. A ja kunnen matasa game da burkutu da gudun babur, domin yawancin baƙin cikin da na gani a wannan mako daga waɗannan biyun ya fito.

Ranar 26 ga Disamba hutu ce a Nijeriya, kuma ita ce ta fi dacewa da ziyara. A raba jama'a ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar ko shida, wasu su je asibiti, wasu gidan yari idan akwai shi a kusa kuma an nemi izini, wasu gidajen tsofaffin da ba sa iya fitowa. A kowane gida a yi waƙa ɗaya, a karanta aya, a yi addu'a, a bar ɗan abin da aka riƙo, kada a zauna har a ɗora wa masu gida nauyin ba da abinci. Ikilisiyar da ke da majami'un ƙauye a ƙarƙashinta ta aika wa masu bishara da ke can nasu kason, domin su ne aka fi mantawa.

Daga 31 ga Disamba zuwa rufe littafi

Sujadar ƙarshen shekara ta godiya ce da addu'a. A karanta Zabura 90 ko 103, magatakarda ya karanta sunayen waɗanda aka haifa, da waɗanda aka yi wa baftisma, da waɗanda suka yi aure, da waɗanda suka rasu a cikin shekarar, a yi shiru na ɗan lokaci bayan sunayen mamata. A ba mutum biyar ko shida dama su ba da shaida, minti uku kowanne. Sujadar 1 ga Janairu a yi ta da sassafe kuma a gajarta, musamman a wurare irin su Kagoro inda bikin gargajiya na Afan yake faɗowa a wannan rana.

A cikin mako na biyu na Janairu kwamiti ya yi zamansa na ƙarshe. Ma'aji ya kawo lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita tare da rasit, mutum biyu da ba sa cikin kwamiti su bincika, a karanta wa jama'a a sanarwar Lahadi. A mayar da kujeru da zannuwa da tukwanen da aka ara, a biya abin da ya fashe, a wanke kayan wasan yara a ninke a sa a akwati a rubuta abin da ke ciki a jikin murfin. A rubuta wasiƙar godiya zuwa ga hakimi, da 'yan sanda, da 'yan sintiri, da ikilisiyoyin da suka aiko mawaƙa. Daga ƙarshe magatakarda ya rubuta shafi ɗaya a littafin ikilisiya: lita nawa janareta ya sha, kujera nawa aka yi haya, nawa aka sayi sa da ranar da aka saya, gida nawa aka kai wa hatsi, ƙarfe nawa aka tashi kowace sujada, da abin da ya kawo jinkiri. Wannan shafi ne za a buɗe wa sabon kwamiti a zaman farko na Oktoba mai zuwa.